Yatsu huɗu a cikin mazubin bokiti: labarin wani ɗan'uwanmu a masana'antar roba

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan, wasunmu makanikan injinan masana'anta ne, wasu ma'aikatan jinya, ɗaya kuma ya daɗe yana raka masu rauni ofisoshin neman diyya a nan Legas. Labarin na wani ɗan'uwa ne da ya yarda a ba da shi, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko na kamfanin, domin maganarsa tana gaban hukuma har yanzu.

Mutumin ƙasar Katsina ne, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ci-rani ya kawo shi. Ya fara da dako a kasuwar Mile 12, ya tara abin da ya tara ya sayi babur, yana acaɓa tsakanin Agege da Ikeja. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, sai ya sayar da babur ɗin. Wani ejan mai kai leburori masana'antu ya rubuta sunansa a littafi, ya kai shi wani kamfanin bokitai da kujerun roba a wajajen Ikorodu. Babu takardar ɗaukar aiki, alhali Dokar Ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Aiki awa 12 ne, bakwai zuwa bakwai, mako guda da rana, mako guda da dare. Horon da ya samu shi ne tsayuwar yini ɗaya a bayan wani, ana yi masa bayani da Buroka, shi kuwa yana gyaɗa kai don kada a ce bai fahimta ba a sallame shi.

Sai an san yadda injin yake kafin a gane abin da ya same shi. Injin zuba roba yana narkar da ƙwayoyin roba a zafin da kan haura digiri 200, ya tura narkakken cikin mazubi. Mazubin ɓari biyu ne na ƙarfe, ɗaya a kafe, ɗaya yana kai da komowa da ƙarfin mai. Ƙarfin da ke haɗe su a injin da ke fitar da bokiti ya kan kai tan ɗari biyu zuwa sama, kuma duk zagayen, daga rufewa zuwa fitar bokiti, bai cika minti ɗaya ba. Masu ƙera injin sun san hannu zai so shiga wurin, shi ya sa suka yi masa kariya hawa uku. Akwai ƙofa mai zamewa da ƙaramin makunni a jikinta, wanda ke yanke umarnin rufewa muddin ƙofar tana buɗe. Akwai bawul da ke tsare man. Akwai kuma sandar ƙarfe da ke faɗowa ta tokare mazubin, ko da wuta da mai duk sun ci amana. Idan ukun nan suna aiki, mutum zai iya zura hannu har kafaɗa ya fito lafiya.

A injinsa babu ko ɗaya da ke aiki. An ɗaure makunnin ƙofar da waya, injin yana ganin ƙofa a rufe kullum. Sandar ta lanƙwashe tun kafin ya zo, aka kwance ta aka jingine a bango. Aka sa injin a kan agogo, yana rufe kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi ko da mutum ko babu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Buɗe ƙofa da rufe ta na cin daƙiƙa uku ko huɗu a kowane bokiti, kuma a awa 12 wannan bokitai ne masu yawa. Ana ƙirga wa kowane inji adadin da zai fitar, wanda bai cika ba a rage masa kuɗi. Wani lokaci ma ba manaja ne ke ɗaure wayar ba, ma'aikatan ne da kansu, manaja yana gani yana kau da kai.

Bokiti kuwa yana maƙalewa, domin roba idan tana hucewa tana tsukewa ta rungume ƙarfen da ke cikinta. Iska ce da wasu sanduna ke tunkuɗo ta. Idan injin iska ya yi rauni, ko ruwan sanyaya mazubi ya ɗumame, ko an cusa roba fiye da kima, bokitin ba ya faɗowa da kansa. Gyaran na makanike ne. Abin da ake yi a maimakon haka, sai ma'aikaci ya riƙa fizgo shi da hannu, yana tsere da agogo, sau ɗaruruwa a dare ɗaya.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba ne, lokacin da ido ke nauyi, bokiti ya ƙi fita a fizga ta farko, ya sake kai hannu. Mazubin ya haɗe da yatsu huɗu na hannun dama da rabin tafin. Jan maɓallin tsayar da inji yana can gefe, an jibge buhunan roba a gabansa. Wanda ke kusa da shi ya ruga ya kashe babban makunnin wuta, abin da kowa zai yi ke nan, amma kashe wuta ba ya buɗe mazubi. Sai da aka nemo makanike ya sake kunna famfon mai ya buɗe shi a hankali. A duk wurin mutum ɗaya ne ya san yadda ake buɗe injin idan ya kama mutum, shi ma barci yake yi a sito.

Ba wannan injin kaɗai ke cin hannu ba. Injin niƙan tarkacen roba ya fi shi ɓarna, domin wuƙaƙensa suna ci gaba da juyawa bayan an kashe shi, ga shi ana tura masa roba da hannu maimakon sanda. A wajen rola, mai murza leda ko takarda ko ƙarfe, safar hannu ita ce ajalin hannun: rola ta kama bakin safar, ta ja yatsa, yatsa ya ja hannu. Haka zoben azurfa da yawancinmu ke sawa, yana iya saɓule naman yatsa gaba ɗaya, haka hannun riga mai faɗi. Injin buga ƙarfe an yi masa maɓalli biyu nesa da juna don hannu biyu su kasance a waje lokacin da ya sauko, sai a cusa tsinken ashana a ɗaya, a bar hannu guda yana saka ƙarfe. Akwai kuma wanda ya fi yawa a garin nan. NEPA ta ɗauke wuta, inji ya tsaya, ma'aikaci ya ce bari ya yi amfani da damar ya zaro abin da ya toshe. Can bayan gini mai janareta ya tayar ya juya layi, bai san da hannun kowa ba. Injin da aka haɗa daidai ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, sai an sake danna shi, amma da yawa an yi musu haɗin kai tsaye bayan na'urar tayarwar ta ƙone.

Ƙa'idar sa hannu cikin inji ɗaya ce ko'ina. A tsayar da shi, a kashe makunnin da ke ba shi wuta, a sa kwaɗo a makunnin, makullin ya shiga aljihun wanda zai sa hannun, ba na Oga ba. A saki ragowar iska da matsin mai, a jira duk abin da ke juyawa ya tsaya cik, a tokare abin da zai iya faɗowa. Sannan a danna maɓallin tayarwa a gani ko zai motsa. Idan mutum biyu ne za su shiga, kwaɗo biyu.

Da aka fito da hannun, abokan aikinsa sun yi abin da suka sani. Wani ya kawo man birki zai zuba, Allah ya sa wani ya hana. Suka ɗaure damtsen da wayar wuta, suka kwashe abin da ya rage na yatsun suka zuba a cikin ƙanƙara tsirara. Niyya mai kyau ce, amma kusan duk kuskure ne. Abin da ake so shi ne a danna raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a kwantar da mutum. Idan tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a ɗaga a leƙa. Yawancin raunin yatsu dannawa kaɗai ke tsayar da jininsa. Ɗauri sai idan jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, kuma da ƙyalle mai faɗi ake yi, kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Waya ko igiya siririya tana yanka jijiya ta ƙara wata ɓarnar. Kada a zuba fetur, ko man birki, ko toka, ko garin magani. Kada a ba shi ruwa ko abinci komai roƙonsa, saboda allurar barcin tiyata.

Gaɓar da ta yanke kuma, a naɗe ta a bandeji ko tsumma mai tsabta da aka ɗan jiƙa, a sa a leda a ƙulle bakin yadda ruwa ba zai shiga ba, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Idan naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye yana daskarewa ya mutu. Yatsa, da yake ba shi da tsoka, yana iya kai awa 12 ba sanyi, kusan 24 da sanyi. Hannu daga wuyansa zuwa sama, mai tsoka, kamar awa 6 ne ba sanyi, 12 da sanyi. Gaskiyar magana, yatsun da mazubi ya murƙushe da wuya su ɗinku, ba kamar waɗanda wuƙa ta yanke tsaf ba. Duk da haka likita ne zai yanke wannan hukunci, kuma sau da yawa ana amfani da fatar wajen rufe dungun. A tafi da komai.

Lambobin gaggawa na Legas 767 da 112 ne, ba wanda ya kira. An sa shi a motar kaya aka kai wani ƙaramin asibiti da kamfanin ke hulɗa da shi, aka wanke, aka naɗe, aka yi masa allurar tetanos, sai bayan azahar aka tura shi gaba. Rauni irin wannan wurinsa babban asibiti ne mai likitocin ƙashi da na gyaran fata, irin Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, ko asibitocin koyarwa na jami'a, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Likitocin da suka karɓe shi sun ceto babban yatsan. Wanda bai san aikin hannu ba zai raina wannan, amma da babban yatsa da guntun tafi mutum yana riƙe cokali da biro da bakin buhu.

Yana kwance a gadon asibiti ejan ya zo da wani daga ofis. Sun biya kuɗin tiyata, sun kawo lemo da madara, sun kawo ambulan da kuɗin da bai wuce albashin wata uku ba, da takarda da Turanci. Aka shafa wa babban yatsansa na hagu tawada ya dangwala. Kawunsa, dattijo mai sayar da albasa, yana tsaye a wurin. Ya ce masa, "Ɗana, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mutanen nan sun yi ƙoƙari, karɓi ka yi haƙuri." Shi kuma ya ce, "To, Kawu." Ba ma zargin dattijon. Ƙaddara gaskiya ce, haƙuri kuma shi ya riƙe mutumin nan a watannin da suka biyo baya. Sai dai diyya haƙƙi ce da addini ma ya san da ita, kuma wanda ya ɗaure makunni da waya ba ya cikin waɗanda za su fake da ƙaddara.

Takardar cewa take ya yafe duk wani haƙƙi. Da wani ɗan ƙaninsa mai karatu ya kai hotonta Ofishin Lauyoyin Kare Jama'a na jihar, wato OPD, inda ba a biyan kuɗi, sai aka gaya musu abin da ya kamata kowane lebura ya sani. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai aikinsa ta yafe diyyar da dokar ta ba shi, banza ce. Dokar ta kuma ƙirga ɗan wucin-gadi da mai koyon aiki da wanda aka ɗauka da baki duk a matsayin ma'aikata. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne ya cire shi daga albashinsu. A kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, N70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wannan N700 ne kacal. Ba a tambayar laifin wane ne, abin dubawa shi ne ko raunin ya faru a bakin aiki ko ta dalilinsa, har da hanyar zuwa da komawa gida.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne wa'adi. Ma'aikaci, ko wani nasa, zai sanar da mai aikin cikin kwana 14, da sunansa da lokaci da wuri da yadda abin ya faru. Kowa ya ga jinin, amma a rubuta, a riƙe kwafi mai sa hannu ko hatimi, in sun ƙi karɓa a tura ta WhatsApp a adana. Kamfani zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma cikin shekara ɗaya, sai da uzuri mai ƙarfi ake karɓa har zuwa shekara uku. Idan laifin na wani ne daban ba mai aikin ba, dokar ta sa mutum ya zaɓi ɗaya, diyya daga asusun ko ƙarar sakaci a kotu, kuma ta ba da wata shida a yi zaɓin, saboda haka kada a bari wata shidan ya wuce ba a ga lauya ba. Al'adarmu ita ce da an sallami mutum a sa shi a mota zuwa gida ya yi jinya cikin dangi. Ya dawo bayan damina biyu, wa'adi ya wuce, ejan ya canza lamba, abokan aikin da suka gani sun watse.

Shi Allah ya taimake shi bai tafi ba. Kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, na ejan ne. Ejan ya ce shi kai mutane kawai yake yi. Abin da ya tsaya masa ƙananan abubuwa ne: alat ɗin banki na kowane wata, katin shiga ƙofa mai tambarin kamfanin, hoton da ya taɓa ɗauka da rigar aiki a gaban injin ya tura wa matarsa, katin asibitin farko da aka rubuta wanda ya kawo shi, da rasit ɗin tiyata da ofishin kamfanin ya biya. Wani abokin aikinsa ya ɗauki hoton makunnin da wayar a jiki tun da asubar, kafin a kwance. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai zama a Ikoyi, ta sha ɗaukar kamfani da ejan a matsayin masu aiki na haɗin gwiwa idan hujja ta nuna kamfanin ne ke ba da umarni. Da lauya ya rubuta musu wasiƙa ya lissafa waɗannan, sai harshe ya canza, suka yarda su cike takardun hukumar da sunansa.

Diyyar ba dunƙulen kuɗi ba ce kamar yadda mutane ke zato, yawanci biya ne na wata-wata. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, kamar wanda ya rasa hannu biyu, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ne, wato N63,000 ga mai N70,000. Wanda ya rasa wani sashe, likitoci ne ke auna nakasar da jadawalin da ke bayan dokar, inda kowace gaɓa ke da kasonta kuma babban yatsa ya fi sauran nauyi, a biya shi kashi 90 na abin da aka ƙiyasta ya rasa na samu. Biyan yana tafiya har ya kai shekara 55. Akwai kuɗin magani da gashin ƙashi da hannun roba a ciki. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata. A nan ne rashin takardar albashi ke cutarwa, domin duk lissafin a kan albashin da aka iya tabbatarwa yake.

Saura maganar sufetoci. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani sashe mai haɗari na inji, ta hana a sa sabon ma'aikaci a kan inji mai haɗari ba horo ba mai sa ido, ta kuma ce duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeto a rubuce. Sufetocin na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, suna da ikon shiga masana'anta, su ba da wa'adin gyara, ko su hana amfani da inji. Legas tana da tata Hukumar Kiyaye Haɗura tun 2011. Matsalar tsohuwar dokar ita ce tararta, 'yan dubban naira ne da aka yanka tun naira tana naira, ba su kai kuɗin bokitan awa ɗaya ba. A kamfaninsa, duk ranar da aka ji baƙi na zuwa, sai a kwance wayoyin, a share ƙasa, a raba sababbin huluna da safar hannu, a karɓe da yamma. Rahoton cikin gida da suka rubuta a kan haɗarinsa cewa ya yi ma'aikaci ya yi ganganci, an bar jaki ana dukan taiki. Binciken da ke kama irin wannan shi ne na ba-zata, na dare, wanda mai binciken zai buɗe ƙofar inji da hannunsa ya ga ko mazubi zai motsa, ya duba ramin ƙusoshin da sandar tokare ta bari, ya gwada adadin da inji ke fitarwa da adadin da zai iya fitarwa in ana rufe ƙofa, sannan ya keɓe leburori ya tambaye su da harshen da suke ji. Ma'aikaci ma yana iya kai ƙorafi ofishin ƙwadago da kansa ko ta ƙungiya.

Ɗinki ya warke cikin makonni, sauran ya ɗauki lokaci. Yana jin yatsun da babu suna ƙaiƙayi, wani dare suna zafi kamar an sa su a wuta, har ya fara tunanin ko jifa ne. Ba jifa ba ne, jijiyoyin da aka yanke ne ke ci gaba da aika saƙo, yawancin masu dungu suna jin haka, kuma akwai magani da atisaye. Ana naɗe dungun da bandeji mai talewa, a karkace ba a zagaye ba, ya fi matsewa a ƙarshe, don kumburi ya sauka. Ana murza tabon da mai, ana sa shi taɓa auduga, sannan tawul, sannan shinkafa a kwano, har fatar ta daina zabura. Wuyan hannu da babban yatsan kuma kullum sai an motsa su, in ba haka ba su sandare a rasa abin da aka ceto.

Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, cin abinci ne cikin mutane. Ya yi watanni yana jan kwanonsa gefe don kada a ga yana kai loma da hagu, har limamin masallacinsu a Agege ya zauna kusa da shi ya ce, "Malam, lalura ce, ci abincinka. Alwala ma abin da ya rage za ka wanke." Yanzu yana riƙe cokali da dama, an naɗa wa ƙotar tsumma ta yi kauri. Yana taya Kawu zama a rumfar albasa, shi ke karɓar kuɗi da ba da canji. Likitocin hukumar sun auna hannun, an karɓi takardun bankinsa na watannin da ya yi aiki, abin da ake jira shi ne wasiƙar da za ta faɗi kason nakasar da abin da za a riƙa biyansa.